Ba Sahabi Ne Ya Sare Marken Tudu Ba

Ni na yi laifin. Gara in fara da wannan tun kafin zuciyata ta sake ba ni shawarar in kewaye, don ta daɗe tana ba ni irin wannan shawara ina bi. Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Ummaru, Allah ya jiƙansa, kuma ya shiga kabari yana riƙe da wani bawan Allah a zuci kan abin da ni ƙanensa na aikata. Sunana Altine. Ban yi karatu mai zurfi ba, direban a-kori-kura ne ni, ina ɗaukar albasa da hatsi tsakanin Bodinga da Shagari. Wanda ya ga rubutun bai yi kyau ba ya yi haƙuri, ba gwaninta ta kawo ni ba, tsoro ne.

Ƙauyenmu yana gefen Lambara. Ta gabas da gari akwai wani tudu mai tsakuwa da jan dutse wanda muka gada wajen mahaifinmu, ni da Yaya, ba mu taɓa raba shi ba. Ba a noma samansa, don fartanya ba ta shiga. Daga gindinsa gonakin gero suka fara, sai maƙabarta, sai gidaje. A kan tudun kuwa marke ne birjik. Ga wanda bai san marke ba, itace ne mai hasken jiki da ƙananan ganye, rassansa suna sunkuyowa ƙasa. Cikinsa tauri gare shi, gara ba ta cinsa da wuri, wutarsa kuma tana daɗewa ba ta mutu ba. Shi ya sa masu gini da masu gawayi da masu gidan burodi duk suke sonsa.

Marken tudunmu gajeru ne. Kaurinsu bai wuce cinyar ƙato ba, ga su a karkace, duk sun kwanta yamma kamar an tura su. Amma can bakin rafi akwai wani marke da ya tsiro da kansa shekarar da na yi aure, kafin 'yata ta fari ta isa shiga makaranta har ya zarce soron masallaci. Da wannan nake auna na tudu. A ganina 'yan yara ne, kwanan nan suka fito, in an sare su ma damina uku ko huɗu sun dawo.

Wata rana muna dawowa daga gona na faɗa wa Yaya haka, na ce me zai hana mu rage su mu sayar. Ya tsaya ya dube ni kamar na zagi dattijo. Ya ja ni muka hau tudun, ya dafa wani guda mai ƙusumbi, ya ce, "Altine, wanga iccen da kaka ce ma yaro, nan Baba ka ɗaure jakinai ina ƙarami. Yadda ka gane shi yau, hakanan na taso na ishe shi."

Daga nan ya yi ta yi mini bayani muna saukowa. Ya ce iri ɗaya ne da na bakin rafi, wurin zama ne ya raba su. Na rafi saiwarsa cikin danshi take rani da damina, ƙasar wurin tana da zurfi, ga gaɓa ta kare shi daga iska. Na tudu kuwa ƙasar da ke ƙarƙashinsa ba ta wuce taƙi ɗaya ba sai dutse. In an yi ruwa, kafin ya sha ruwan ya gangare. Iskar gabas tana dukansa, awaki suna cinye duk tohon da ya yi ƙasa-ƙasa, rana kuma tana gasa dutsen da yake kai. Sai ya shekara da shekaru yana lalubar tsagar dutse da saiwa kafin ya ƙara tsawon yatsa. Abin da na rafi zai yi a damina ɗaya, na tudu sai yaro ya zama magidanci bai yi shi ba. Ya kuma ce su ne ke riƙe da tudun. Saiwarsu ta ɗaure tsakuwa, ganyen da suke zubarwa yana rage wa ruwa gudu, shi ya sa ruwan yake sauka gonaki a hankali.

Dariya na yi masa. Na ce ashe muna da malamin daji a gida ba mu sani ba, sai a nema masa kaki da hula. Shi ma ya yi dariya, ya ce in dai na ji to shi ke nan.

Kamar yawancin mazan garinmu, Yaya yakan tafi ci-rani kudu da zarar an gama girbi, sai ruwa ya kusa ya dawo. Duk in zai tafi ni yake bar wa amanar gida da gona da tudu. A wata shekara injin motata ya buga, na zauna ba aiki, sai wani mai gidan burodi a Bodinga ya ce yana neman itace mai ƙarfi. Ban yi dogon tunani ba. Na ɗauko masu sara daga wani gari, muka riƙa shiga ta bayan tudun, ta wata burtali da ke fita titi ba ta bi ta cikin gari ba, kuma sai ranakun kasuwa, lokacin da 'yan mazan da suka rage duk sun fita.

Tun a itace na farko na gane Yaya ya faɗi gaskiya. Gatari yana dawowa kamar an sari ƙarfe. Da ya faɗi na duba kututturen, na ga cikinsa baƙi ƙirin, zanen shekarunsa sun matsu da juna kamar zare a jikin ƙwarƙwaro, ido ba ya iya raba su. Gabana ya faɗi. Amma ban ce a tsaya ba. Muka share tudun, guda ɗaya tak ya tsira, wancan mai ƙusumbi na jakin Baba, shi ma don zuma ta yi gida a kogonsa ta kori masu saran.

Yanzu bari in kawo Sahabi. Malam Sahabi aminin Yaya ne tun suna yara, masassaƙi ne, yana yin turmi da ƙota da kujerar mata. Tare suke ciyayya a ƙofar gidanmu kullum bayan magariba, kowa a kawo tuwon gidansa a haɗa. Kafin Yaya ya tafi a waccan shekarar, Sahabi ya roƙe shi gaban mutane ya bar shi ya sari marke biyu ya yi ƙotoci. Yaya ya hana, ya ce sai dai ya tsinci busassun rassa. Sahabi kuwa ya je ya tsinta, mata masu neman itacen girki suka gan shi a tudun da gatari a kafaɗa.

Da Yaya ya dawo, ko ruwa bai sha ba aka gaya masa. Ya hau tudun, na bi shi a baya. Ya zauna kan wani kututture, sannan ya tambaye ni wa ya yi wannan. Na ce ni kullum ina Bodinga wajen gyaran mota, ban sani ba, sai dai na ji an ce an ga Sahabi da gatari. Ban ce shi ya sare ba. Shekaru na yi ina lallashin kaina da wannan, wai ai ban ce shi ne ba.

Yaya ba mai faɗa ba ne. Abin da ya yi kawai, da magariba ya sa aka shigar da tabarmar ciyayya cikin gida. Sahabi ya zo da akushinsa ya tarar da ƙofa ba kowa. Da maganar ta kai gaban mai gari, Sahabi ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Yaya ya miƙe ya ce bai yarda ba, ya janye ƙara, ya bar wa Allah. Daga baya ya gaya mini dalili, wai yana tsoron kada amininsa ya yi rantsuwar ƙarya ta halaka shi. Da ƙaunar da yake masa ya toshe masa hanya ɗaya da zai wanke kansa, ni kuwa ina zaune ina gyaɗa kai.

Damina ta farko kututturan suka yi toho, na ji sanyi a raina, na ce ga shi nan za su dawo. Rani na shiga awaki suka cinye. Suka sake yi, aka sake cinyewa. Daga nan suka bushe, mata suka tumɓuke su suka kai murhu. Ruwa kuma ya fara saukowa ja wur, da ƙara, yana tafe da tsakuwa. Ya fara yanka wata 'yar hanya kamar ta tururuwa ta gefen gonarmu. Shekara ta kewayo ta kai gwiwa. Yau raƙumi zai shige ciki ba a ga tozonsa ba. Mutanen gari kuma, ba tare da wani ya zauna ya raɗa ba, suka sa wa ramin suna Kwazazzabon Sahabi. Har masu babur in za su yi wa baƙo kwatance da shi suke yi.

Bayan saran da kamar shekara biyu Yaya ya kwanta ciwo. Da aka dawo da shi daga asibiti ya san tafiya ta zo, sai ya riƙa kiran mutane ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara, kamar yadda aka saba. Ya nemi ta matarsa Hajo, ya nemi ta maƙwabta. Ya riƙe hannuna ya ce in yafe masa duk abin da ya yi mini. Ni, ni ne na buɗe baki na ce na yafe. Sannan da la'asar ya ce, "Tahi ka kiro min Sahabi. Icce na, ba ya kai mu lahira da gaba ba."

Na fita. Na kai kwanar gidan Sahabi, ina jin ƙarar gizagonsa a rumfa, ƙwas, ƙwas. Na tsaya jikin katanga. Abin da ya zo mini shi ne, in mutanen nan biyu suka zauna, ɗaya yana bakin mutuwa, Sahabi zai ce wallahi ba shi ba ne, Yaya kuma zai yarda, sannan ya juyo ya dube ni. Wannan kallon na ji tsoro. Na koma na ce masa Sahabi ya tafi kasuwar Shagari bai dawo ba. Ya lumshe ido ya ce to, sai gobe. Kafin hantsi Yaya ya cika.

Sahabi yana cikin waɗanda suka haƙa kabarin. Shi ya kawo itatuwan da aka jera a kan gawar kafin a tura ƙasa, ya daidaita su da hannunsa yana hawaye. Na ji wani a bayana yana raɗa wa na kusa da shi cewa ƙila ragowar marken ne ya kawo. Na ji, na ci gaba da tura ƙasa.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce in ya ga garin yau. Zai yi murna da injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana da 'ya'yansa suka sa a lambun albasa, shi da ya sha jan guga. Zai yi mamakin yadda Keke Napep ke shiga har ƙofar gida, da yadda mai ci-rani ke magana da iyalinsa ta waya kullum yana ganin fuskarsu. Da a lokacinsa akwai wannan, da an nuna masa tudun tun itace na biyu bai faɗi ba. Amma na san ba zai daɗe kan waɗannan ba. Zai ga buhunan gawayi jere a bakin titi, zai tambaya daga wane tudu aka kwaso su. Zai ga yadda ruwa yanzu yakan yi jinkiri sannan ya zo gaba ɗaya kamar da fushi. Sannan zai ɗaga kai gabas ya ga tudun Baba tsirara, jan dutse yana ƙyalli, ya bi kwazazzabon da ido ya ga inda ya dosa.

Maƙabarta ya dosa. Kowace damina yana ƙara cin gaɓa, ba ya mayar da abin da ya ci. Bara ya cinye kusurwar shinge, ya buɗe wani tsohon kabari, sai da aka tara mutane aka sake suturta abin da aka samu. Daga wannan wurin zuwa inda Yaya yake kwance layi biyu ne. Tun daga ranar, in hadari ya haɗu a gabas ina kan hanya, ba na iya ci gaba da tuƙi. Nakan faka a gefen titi in kira gida in tambaya ko ruwan ya sauka can. Abokan aiki a tasha har sun gane, suna ce mini Altine akuya, wai ni da akuya ba a san wanda ya fi tsoron ruwa ba. Nakan taya su dariya. Ba su san abin da nake gani ba in na rufe ido, ina ganin jan ruwa ya ɗage itatuwan da Sahabi ya jera, ya fito da Yaya fili, a kan laifina.

Na yi ƙoƙarin gyarawa a ɓoye, don in huta ba tare da na yi magana ba. Na tara 'ya'yan marke na shuka a leda a bayan ɗakina. Yawancinsu ba su tsiro ba, ashe akasarin irin marke fanko ne. 'Yan da suka fito na raba biyu. Waɗanda na kai bakin rafi yanzu sun fi ni tsawo. Waɗanda na kai tudu, na kewaye su da ƙaya, na riƙa kai musu ruwa a jarka, bazara na shiga suka ƙone ƙurmus. Na sake, suka sake mutuwa. Sai a lokacin na fahimci abin da Yaya bai ƙarasa gaya mini ba. Ƙaramin marke a tudu sai da inuwar babba yake rayuwa, da ganyen da babban ya zubar ya riƙe masa danshi. Ita kanta 'yar ƙasar da suke tsayawa a kai ruwa ya tafi da ita. Ban sare itatuwa kawai ba, na sare wurin da wasu za su tsiro.

Wani tsoron kuma ya fi na ruwa. Limaminmu yakan tuna mana cewa abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa yana da sauƙi in an tuba, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. Yaya ya riga ya tafi, ba ni da inda zan same shi. Sahabi kuma ya tsufa, yanar ido ta rufe masa gani, gizagon ma sai jefi-jefi ake jin ƙararsa. Shekarun nan duk ba a kiransa in za a yi shawarar gari. Hajo har yau ba ta shiga gidansa barka ko jaje. Duk sanda aka yi sanarwar rasuwa a lasifikar masallaci, sai na daina numfashi har in ji sunan.

Farkon bazarar bana mai gari ya kira gayya, a tara duwatsu da buhunan ƙasa a tare bakin kwazazzabon kafin ruwa ya sauka. Muna tsaye ana raba aiki, sai wani ya ce ai Malam Sahabi ya kamata ya aza dutsen farko, tunda ramin nasa ne. Aka yi dariya. Tsohon ya yi murmushi, ya laluba ƙasa da sandarsa, ya sunkuya ya ɗauki dutse da hannu biyu, ya tambaya ina za a ajiye. Ban iya aiki ranar ba.

Washegari da hantsi na same shi a zaurensa. Na durƙusa na gaishe shi, ya gane muryata, ya ce Altine ne, yau mota ta huta ke nan. Na faɗa masa komai, tun daga mai gidan burodi har tsayuwata jikin katangarsa. Bai katse ni ba. Da na zo kan cewa Yaya ya aiko a kira shi, sai ya ɗaga hannu, ya ce in maimaita. Na maimaita masa kalmomin Yaya yadda ya faɗe su. Ya juya fuska bango, kafaɗunsa suna motsi. Da ya juyo ya ce, "Ashe ya kira ni." Ya faɗi haka ban san sau nawa ba. Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Ba cikin zaure anka ɓata ni ba, Altine. Inda anka ba ramin sunana, can za ka tahi ka faɗi."

Kafin ranar gayya ta biyu na hau tudun ni kaɗai. Marken jakin Baba yana nan, bai ƙara tsawon da ido zai gani ba. A gindinsa, iyakar inda inuwarsa take kaiwa, na tarar da wasu 'yan ƙanana da suka tsiro da kansu, mafi girmansu bai kai gwiwata ba, alhali na san ya yi shekaru. Ba zan ga girmansu ba, 'ya'yana ma da wuya. Yaya bai bar dukiya ba, bai bar suna a wajen gari ba. Abin da ya rage nasa shi ne wannan itace da ya dafa, da maganar da ya yi a gindinsa wadda ruwa yake maimaita mana kowace damina, da kuma aiken da ya yi a ranarsa ta ƙarshe, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya a hannuna kafin in isar. Na kewaye 'yan marken da ƙaya na sauko.

Ranar gayyar mutane sun cika bakin kwazazzabon, mai gari da liman suna nan, mata suna daga nesa da tulunan ruwa, Hajo tana cikinsu. An zaunar da Sahabi a inuwar shinge. Na hau kan buhunan da aka jera, ramin yana bayana, kabarin Yaya yana gabana. Na yi sallama, aka amsa. Na ce:

"Jama'a, wanga rami ba na Malam Sahabi ba ne, nawa ne. Ni na kawo masu sara, ni na kwashe marken, ni na jefa sunansa a kunnen Yaya. Ranar da Yaya zai cika ya aike ni in kira shi su yafi juna, na je har ƙofa na dawo na yi ƙarya. Daga yau wanda zai yi kwatance ya ce Kwazazzabon Altine. Hajo, ki yafe mini, na raba mijinki da amininsa. Malam Sahabi, na ci amanar yayana, na ɓata maka suna, na hana ka bankwana da shi. Ba ni da abin da zan mayar maka. Don Allah ka yafe mini."